Minti Sittin, Kwabo Ɗari: Inda Haƙƙin Ma'aikaci Ke Zurarewa

A kan takardar albashi, 7.45 da 7:45 kusan abu ɗaya ne a ido. Ɗigo guda ne tak ya raba su, kuma idon da ya gaji da lissafin ƙarshen wata ba lallai ya lura da shi ba. Amma na farko awa bakwai ne da minti 27, na biyu kuwa awa bakwai da minti 45. Tsakaninsu akwai minti 18 na gumin mutum.

A ce ana biyan ma'aikaci Naira 1,200 a kowace awa, ya yi aikin awa bakwai da minti 45. Akawu ya jawo kalkuleta ya danna 7.45 sau 1,200, ta ba shi 8,940. Kalkuleta ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta shi ta amsa. Sai dai minti 45 kashi uku ne cikin huɗu na awa, wato 0.75. Abin da ya kamata a danna shi ne 7.75, kuɗin kuma Naira 9,300 ne. An rage masa 360 ke nan. Ba kowa ne zai tayar da jijiyar wuya a kan Naira 360 ba. Amma idan haka ta riƙa faruwa a kwana 26 na aiki cikin wata, abin ya taru ya kai 9,360, ya ɗara ladan yini guda cur. Mutum ya yi wa kamfani aikin yini kyauta, shi bai sani ba, akawun ma sau da yawa bai sani ba.

Tushen matsalar a fili yake. Kuɗi ɗari-ɗari ake ƙirga shi, agogo kuwa sittin-sittin. Duk inda aka ce za a biya mutum gwargwadon lokacin da ya ɓata, dole waɗannan ma'aunai biyu su haɗu, kuma a wannan mahaɗa ne haƙƙi yake zurarewa.

Wani zai ce ai wannan damuwar Turawa ce, mu nan albashin wata ake biya, lebura kuma kuɗin yini yake karɓa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa ko Bompai albashin wata yake ɗauka, amma awannin da ya ƙara bayan lokacin tashi da awa ake lissafa masa su. Haka malamin wucin gadi, da mai ba da hayar tarakta ko motar haƙa ƙasa, da mai ɗakin ɗaukar sauti, da matashin da ke zaune a Zariya ko Maraɗi yana yi wa kamfanin waje fassara ta intanet, da 'yar'uwarmu da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila. Kowannensu abincinsa ya rataya ne a kan yadda wani zai mayar da minti ya koma lamba mai ɗigo.

Gadon Babila

Sittin ɗin nan tsohon gado ne. Mutanen Sumer da na Babila, a ƙasar da yau ake kira Iraƙi, su ne suka gina lissafinsu a kanta fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, kuma ba a banza ba. Sittin tana rabuwa gida biyu, uku, huɗu, biyar, shida, goma, sha biyu, sha biyar, ashirin da talatin ba tare da saura ba. Ɗari kuwa, duk da kwarjininta, ba ta rabuwa uku ko shida. Tsoffin Misirawa ne suka kasa rana kashi sha biyu, dare ma sha biyu. Masana taurari na Girka, irin su Batlamus na Iskandariya, suka ci gaba da aiki da sittin, malaman Musulunci suka gada daga gare su. Wajen shekara ta 1000, Abu Raihan al-Biruni yana rubuta lokuta da awa da minti da daƙiƙa, har da abin da ya fi daƙiƙa ƙanƙanta, duk a sittin-sittin. Jama'ar gari dai ba su saba ganin minti a fuskar agogo ba sai bayan da Christiaan Huygens ɗan ƙasar Holan ya ƙera agogo mai lilo a 1656, agogo ya rage ƙarya, aka sami dalilin ƙara masa dogon hannu.

Kuɗi ma a da ba ɗari-ɗari yake ba. Dattawa suna tune da zamanin fam da sule: kwabo sha biyu sule guda, sule ashirin fam guda, ga sisi ga taro a tsakani. Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta yi ban kwana da wannan lissafi ta koma naira mai kwabo ɗari, kusan shekara biyu bayan Ingila ta yi nata sauyin a 1971. Mil ya koma kilomita, galan ya koma lita. Agogo ne kaɗai ya kafe.

Ba don ba a gwada sauya shi ba. A 1793, cikin zafin juyin juya hali, Faransa ta yi doka cewa a kasa kwana guda awa goma, kowace awa minti ɗari, kowane minti daƙiƙa ɗari. Tsakar rana ta koma ƙarfe biyar, awa guda ta yi tsawon awa biyu da minti 24 na agogon da muka sani. An ƙera agoguna masu fuska biyu don mutane su saba, amma suka ƙi sabawa. A watan Afrilun 1795 aka janye tilascin. Bayan shekara ɗari, a 1897, aka sake kafa wani kwamiti a Faris, masanin lissafi Henri Poincaré ne sakatarensa. Su suka kawo sassauci: a bar awa 24 yadda suke, amma a kasa kowace awa kashi ɗari. Sauran ƙasashe ba su karɓa ba, aka jingine maganar a 1900.

Abin da gwamnati ta kasa ɗora wa jama'a, ofishin biyan albashi ya ɗauke shi a hankali, don shi ne mai buƙata. A 1888 wani maƙerin kayan ado a garin Auburn na Jihar Niyok, Willard Bundy, ya ƙirƙiro agogon da ke rubuta lokacin shigar ma'aikaci da fitarsa: kowa da makullinsa mai lamba, ya zura, agogo ya buga lambar da lokacin a kan takarda. Ɗan'uwansa Harlow ya kafa kamfanin ƙera shi a 1889. A 1894 Daniel Cooper na Rochester ya kawo irin mai buga kati. Wannan sana'a ta agogon ma'aikata na cikin kamfanonin da aka haɗe a 1911, haɗakar da ta koma IBM a 1924. Da katuna suka yi yawa a gaban akawu, sai aka fara ƙera agogunan da ke buga kashi cikin ɗari na awa maimakon minti, don a sauƙaƙa masa tarawa. A Jamus har yau ana aiki da abin da suke kira mintin masana'anta, wato kashi ɗaya cikin ɗari na awa, mai daƙiƙa 36.

Raba da sittin

Ƙa'idar ba ta da wuya. Awa tana nan yadda take a hagun ɗigo, minti kuwa a raba shi da sittin, abin da ya fito shi ne na dama. Minti 15 ya zama 0.25, minti 30 ya zama 0.50, minti 45 ya zama 0.75. Minti 20 shi ne 0.33, minti 40 kuma 0.67. In za a koma baya, sai a ninka abin da ke bayan ɗigo sau sittin: 8.35 awa takwas ne da minti 21, ba 35 ba.

Wanda ba ya son ɗaukar kalkuleta, ya riƙe abu ɗaya a ka: kowane minti shida 0.1 ne. Sha biyu 0.2, sha takwas 0.3, haka har 54 ya zama 0.9. Rabin wannan, minti uku, 0.05 ne. Da waɗannan biyun mutum zai iya juya 33 ta zama 0.55, ko 51 ta zama 0.85, yana tsaye a layin karɓar albashi.

Abin da ya sa nake ganin wannan kuskure ya wuce a kira shi tuntuɓen alƙalami shi ne, gefe ɗaya yake faɗawa. Duk lokacin da aka ɗauki tsawon aikin mutum aka rubuta mintinsa bayan ɗigo yadda yake, an raba shi da ɗari ke nan maimakon sittin. Daga kowane minti goma, shida kawai aka biya, huɗu sun tafi. Babu ranar da zai faɗa wa ma'aikaci da riba. Mai minti 10 ya yi asarar huɗu, mai minti 59 ya yi asarar kusan 24. Tauye mudu ne, ko da mai awon bai yi niyya ba, kuma rashin niyya ba ya mayar wa mai haƙƙi hatsinsa.

A Najeriya akwai abin da ke ƙara rura abin. Mun gaji al'adar Ingila ta rubuta lokaci da ɗigo, shi ya sa a katin gayyata da allon sanarwa za ka ga 7.45 na safe. Hannun da ya saba da haka, in ya zo kan rajistar ma'aikata, haka zai rubuta. A Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin Faransa ana rubuta 7h45 ga agogo, 7,75 da waƙafi ga lissafi, don haka ido ya fi saurin bambancewa.

Mai kamfani ma bai tsira ba. Idan akawu ya ɗebe lokacin shiga daga lokacin fita kamar lambobi ne na kasuwa, kuskuren yana iya juyawa ta kowane ɓangare. Wanda ya shiga 8:50 ya fita 17:10 ya yi awa takwas da minti 20, wato 8.33. Kalkuleta kuwa, in aka ba ta 17.10 a ɗebe 8.50, za ta ce 8.60, domin da ta zo aro ɗari ta aro, ba sittin ba. An biya shi rarar minti 16. Abokin aikinsa da ya shiga 8:10 ya fita 17:50 ya yi 9.67, amma za a rubuta masa 9.40. Wanda ya makara an yi masa ƙari, wanda ya yi sammako an zaftare masa. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata tsakanin ma'aikata ba tare da kowa ya gane dalili ba.

Akwai kuma ɗan ƙaramin yoyo da ke zuwa ko da an juya lissafin daidai. Minti 20 ba ya tsayawa a 0.33, ukun ba ta ƙarewa. Mai aikin awa bakwai da minti 20 kullum, in aka rubuta masa 7.33 na kwana 26, kimanin minti biyar kawai zai rasa a wata. In kuwa lamba ɗaya aka bari bayan ɗigo, 7.3, asarar ta kai minti 52. Maganinsa shi ne a tara mintuna duka tukuna, na mako ko na wata, sannan a raba da sittin sau ɗaya a ƙarshe. Kuɗin ake dunƙulewa zuwa kwabo, ba lokacin ba.

Kwamfuta ba ta raba gardama ita kaɗai. Manhajar Excel, wadda yawancin ƙananan ofisoshi ke lissafin albashi da ita, tana ɗaukar lokaci a matsayin yanki na kwana guda: ƙarfe 12 na rana 0.5 ne a wurinta. In ka rubuta 7:45 ka ninka da 1,200 kai tsaye, Naira 387.50 za ta ba ka. Sai an fara ninkawa da 24, a kuma gaya mata gidan lamba ne ba na lokaci ba. In ka tara awannin mako suka haura 24, sai ta koma sifiri kamar agogon bango, awa 26 ta fito a 2:00, sai an sauya tsarin gidan zuwa [h]:mm. Mai gadin da ya kama aiki ƙarfe goma na dare ya tashi shida na safe kuwa, lissafinsa ƙasa da sifiri zai faɗa in ba a ƙara masa 24 ba. Irin waɗannan kurakurai ba su cika ba ni tsoro ba, domin girmansu ne ke tona musu asiri, ba mai karɓar 387 a madadin 9,300 ya yi shiru. Ƙaramin da ya yi kama da gaskiya shi ne ke shekara da shekaru a cikin littafi.

Wa ke riƙe da alƙalami

Bayan kuskure akwai abin da ake yi da gangan, kuma doka ta sani: dunƙule minti. A Amurka, ƙa'idar Ma'aikatar Ƙwadago ta yarda mai kamfani ya dunƙule lokacin shiga da fita zuwa minti biyar mafi kusa, ko minti shida, ko kwata, muddin in an daɗe ana yi ma'aikaci ba zai tashi da asara ba. Daga nan aka sami abin da suke kira dokar minti bakwai: wanda ya buga kati 8:07 a rubuta masa 8:00, wanda ya buga 8:08 a rubuta 8:15. A takarda adalci ne, yau ka samu gobe ka rasa.

A zahiri ba haka take kasancewa ba, kuma dalilin ba na lissafi ba ne. Kamfanin da ke dunƙule minti shi ne kuma ke hukunta mai makara. Don haka ma'aikaci mai tsoron takardar gargaɗi zai iso 7:54 ko 7:56, ya fara aiki, a rubuta masa 8:00. Mintunan da zai ci riba da su, daga 8:01 zuwa 8:07, su ne waɗanda aka hana shi taɓawa. Da yamma ma ba mai barinsa ya tafi saura minti biyar, amma ba mai hana shi ƙara biyar don ya kammala abin da ke hannunsa. Ma'aunin daidai yake, an dai toshe masa gefe ɗaya.

Juya teburin ka ga abin da ke faruwa in mai sayar da lokacin ne ke rubutu. Manyan ofisoshin lauyoyi a Amurka da Ingila suna cajin abokan hulɗarsu da gutsuren minti shida-shida, saboda minti shida ne ke zama 0.1 cif. Ana danganta wannan tsari na rubuta lokacin aikin lauya da Reginald Heber Smith, wanda ya jagoranci ofishin Hale and Dorr a Boston tun daga 1919. A al'adar da ta yaɗu, gutsuren sama yake hawa: kiran waya na minti ɗaya 0.1 ne. Lauyan da awarsa ta kai dala 300 ya ci dala 30 ke nan, kuma irin wannan kira guda goma sun zama awa guda a takarda, alhali minti goma aka yi. A masana'anta minti ƙasa yake gangarawa, a ofishin lauya sama yake hawa. Lissafin ɗaya ne, mai riƙe da alƙalamin ne ya bambanta.

Mu ma mun ɗanɗana, ba sai an ba mu labari ba. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, da minti ake caji, Naira 50 a kan kowane minti, kuma ko gaisuwa kawai ka yi ka kashe, kuɗin minti cikakke za a cire. Kiran minti ɗaya da daƙiƙa ɗaya minti biyu ne. Wanda ya yi wannan zamani yana tune da yadda ake magana ido na kan fuskar waya, ana rige-rigen kashewa kafin ta cika 59. Sai da Globacom ya shigo a watan Agustan 2003 da caji a kan kowace daƙiƙa, sannan sauran kamfanonin suka bi sahu ba da daɗewa ba. Na'urorin sun san daƙiƙa tun farko. Abin da ya sauya shi ne an sami wanda ya ga ribarsa tana cikin faɗa wa mai kira gaskiyar lokacinsa.

Hujjar da aka kafa dunƙule minti a kanta ita ce wahalar akawu mai fensir da katuna ɗari biyar. Wannan hujja ta mutu. Na'urar dangwala yatsa da ke ƙofar ma'aikatu a yau tana sanin daƙiƙar da mutum ya shigo. Kamfanin da ke da ainihin lokacin a kwamfutarsa, sannan ya sa manhaja ta goge shi ta rubuta wani, ba sauƙi yake nema ba, domin dunƙulewar ma ƙarin aiki ce.

Kotuna sun fara kallon abin ta wannan fuska. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar ma'aikatan wani kamfanin tangaran na Mt. Clemens, ta ce 'yan daƙiƙoƙi ko mintunan da ba su taka kara sun karya ba ana iya kau da kai daga gare su. Kamfanoni sun daɗe suna fakewa da wannan. A watan Yulin 2018 Kotun Ƙolin Jihar Kalifoniya ta duba ƙarar wani ma'aikacin Starbucks da ke rufe shago. Sai ya buga katin tashi tukuna, sannan ya aika bayanan cinikin ranar ta kwamfuta, ya kunna ƙararrawar tsaro, ya kulle ƙofa, ya raka abokan aiki zuwa motocinsu. Minti huɗu zuwa goma ne a rana. Cikin wata 17 suka taru suka zama awa 12 da minti 50, a kan dala takwas kowace awa, dala 102.67. Kamfanin ya ce abin bai kai a yi shari'a a kansa ba. Kotu ta ce a dokar Kalifoniya aikin da ake sa mutum kullum dole a biya shi, ta kuma lura cewa wannan kuɗi ya isa biyan kuɗin wuta, ko cefanen mako, ko kuɗin motar wata guda ga mai ƙaramin ƙarfi. A duba lambar da kyau: 12.8333 aka ninka da takwas. Da 12.50 aka danna, dala 100 za ta fito, a sake cin mutumin a cikin shari'ar da ya shigar don an ci shi.

A Turai ma, ranar 14 ga Mayun 2019, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar ƙwadago ta CCOO ta Sifaniya ta kai reshen bankin Deutsche Bank, cewa dole ƙasashen tarayyar su tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata kafa ingantaccen tsarin auna lokacin aikin kowane mutum a kullum. Dalilinta mai sauƙi ne: ma'aikaci shi ne mai rauni a wannan hulɗa, in babu rubutu ba shi da abin kafa hujja.

Nawa ne awa guda a albashin wata?

A gida, tambayar takan fara ne tun kafin a zo kan minti. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya bar awannin aiki ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai ɗaukarsa, ko ga cinikin ƙungiyar ƙwadago, ko ga hukumar tsara albashin masana'antu. Ya ce abin da ya haura haka ƙarin lokaci ne, amma bai yanka farashinsa ba, saɓanin Amurka inda dokar 1938 ta sa a biya ɗaya da rabi, ko Saudiyya inda ake ƙara rabin ladan awa. Mafi ƙarancin albashi ma, Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, na wata ne. To in za a biya mai wannan albashi awa biyu da ya ƙara, da me za a raba 70,000 ɗin?

In mako na awa 40 ne, makonni 52 a raba su wata 12, awa 173.33 ke fitowa, awa guda ta kama kimanin Naira 404. In an ɗauki kwana 26 na awa takwas-takwas, 208 ke nan, awa ta faɗo zuwa 337. Kusan Naira 67 a kowace awa, kuma ma'aikata da yawa ba su taɓa tambayar wace lamba ake amfani da ita a kansu ba. A Nijar, inda dokar aiki ta tsayar da awa 40 a mako, 173,33 sananniyar lamba ce ga masu lissafin albashi, kamar yadda 151,67 take a Faransa tun da suka koma awa 35. Ita kanta 173.33 ɗin awa 173 ce da minti 20, ba 33 ba. A ganina wannan na cikin abubuwan da ya kamata shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago su nace a rubuta su baƙi da fari a yarjejeniya: lambar rabawa, farashin awar ƙari, da cewa minti-minti za a biya. Ana kwana ana jayayya kan kashi nawa za a ƙara a albashi, a bar waɗannan a hannun akawu.

A gona da wurin gini rikicin ta wata ƙofa yake shigowa. Tarakta da motar haƙa ƙasa da babban janareta suna da agogon injin da ke ƙirga awannin aiki, kuma lambarsa ta ƙarshe, wadda sau da yawa launinta daban ne, kashi goma na awa take nunawa, ba minti ba. In an fara aiki yana 1204.3 aka tashi yana 1210.8, a nan ɗebewa kai tsaye daidai ne: 6.5, awa shida da rabi. A ce hayar Naira 15,000 ce a awa, kuɗin 97,500 ne. Manomin da ya karanta biyar ɗin a matsayin minti biyar zai ce 91,250 ake binsa. Direban da ya karanta ta minti hamsin zai nemi 102,500. Kowa zai rantse, kuma kowa da gaske yake. Ga kuma tsofaffin taraktoci waɗanda agogonsu juyin injin yake bi ba tafiyar lokaci ba, in injin na aiki a hankali ya ƙirga ƙasa da awa. Kafin a tayar da injin ya kamata ɓangarorin biyu su tsaya gaban agogon tare, su ɗauki hotonsa da waya, su kuma amince da wane agogo za a bi, na injin ko na hannu.

Mai ɗaukar ma'aikata da ke son ya fita haƙƙin mutane ba ya buƙatar sabuwar manhaja. Layi biyu ne a takardar albashi: ɗaya na awa da minti yadda agogo ya nuna, ɗaya na lamba mai ɗigo da aka ninka da kuɗi, kowa ya ga yadda wannan ya zama wancan. Ma'aikaci kuma ya ajiye ɗan littafinsa, ko ya riƙa rubutawa a waya, lokacin kama aiki da na tashi da na hutu, a ranar da abin ya faru, ba a ƙarshen wata ba.

Wanda ke zargin ana yi masa ƙwange yana iya ganewa daga takardun da ke hannunsa. Ya jera awanninsa na kullum na wata biyu ko uku, ya dubi lambobi biyun da ke bayan ɗigo kawai. In an juya lissafi daidai, dole a riƙa cin karo da irin su .62 da .78 da .90, domin duk abin da ya kai minti 36 zai kai .60 ko ya haura. In ya duba layi bayan layi bai ga ko ɗaya da ta wuce .59 ba, alama ce mai ƙarfi cewa mintinsa ake kwafewa bayan ɗigo. In kuwa .00 da .25 da .50 da .75 kaɗai yake gani, to kwata-kwata ake dunƙule masa, sai ya gwada da littafinsa ya ga sau nawa aka gangara ƙasa, sau nawa aka hau sama. Da wannan takarda a hannu zai je ofishin albashi ko wurin wakilin ƙungiya, ya nemi a sake lissafin tun daga watan da aka fara.